Zoɓo Da Lemun Tsami A Ɗakin Gwajin Jini

A damunar bara zazzaɓi ya kwantar da autata, na goya ta zuwa wani ƙaramin asibiti. Aka ce a auna jininta, sai mai gwajin ya ce ruwan da yake aiki da shi ya ƙare, sai dai mu nemi mota zuwa Zuru. Duk wadda ke zaune a Kanya ta san abin da wannan tafiyar ke ci, kuɗi da fargabar hanya. Ina cikin mota ina tambayar kaina, wane irin ruwa ne wannan da rashinsa zai hana a duba yarinya? Na bi diddigi, kuma abin da na samo ya shafi madafinmu.

Jini ba jan ruwa ba ne kawai. A cikinsa akwai jajayen ƙwayoyi masu ɗaukar iska, da farare masu yaƙi da cuta. A ɗigon da bai kai kan allura ba, babban mutum mai lafiya yana da farare tsakanin 4,000 zuwa 11,000, jajaye kuwa miliyoyi ne. Manyan asibitoci na da injin ƙirga su. Inda babu inji ko babu wuta, da ido ake yi: a ɗebi jini kashi 1, a haɗa da wani ruwa kashi 19, a ɗiga a kan gilashi mai zane kamar gidan dara, a sa a madubin likita, a bi gida-gida ana lissafi.

Ruwan nan ana kiransa ruwan Turk, sunan wani likita ne na ƙasar Ostiriya. Abu biyu ke cikinsa. Na farko tsami, irin wanda ke cikin ruwan khal, shi ke fasa jajayen ƙwayoyin don kada su rufe fararen. Na biyu kuwa kin san shi sarai, wato shuɗin maganin nan, ji-bi, da ake shafa wa yara a gyambo. Shi ke rina fararen har ido ya gan su. Ashe aikin rini ne, kamar na marina.

Daga nan masana suka ce, to me zai hana a nemi tsami da launi a jikin tsirrai? A ƙasar Indonisiya ɗaliban gwaje-gwaje sun sha jarraba ruwan lemun tsami a madadin tsamin kanti, kuma da dama sun samu lissafin da ya kusanci na asali. A nan gida an fi ba da ƙarfi wajen rina tsokar da ake yankowa don bincike. A 2008 wani masani a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ilori ya wallafa yadda ruwan zoɓo, in an haɗa shi da sinadarin ƙarfe, yake rina cibiyar ƙwayoyin halitta. Wasu sun gwada lalle, da gangamau, da karan dafi, wanda dukawa suka daɗe suna jan fata da shi. Kada ki yi mamaki, domin rinin da asibitocin duniya suka fi dogara da shi wajen duba tsoka, tun shekarun 1860 daga itacen wata bishiya ta ƙasar Meziko ake tatso shi.

To me ya hana a koma ga zoɓo kacokan? Amsar tana tukunyarki. Matsa masa lemun tsami, ya yi ja wur. Jefa masa kanwa, ya yi duhu. Zoɓon bana ba lallai ya yi kaurin na bara ba, na wannan gona daban da na waccan, in kuma ya kwana biyu sai ya lalace. Mai sha ba ruwanta da wannan, amma mai ƙirga ƙwayoyin jinin jaririnki yana bukatar ruwan da yau da gobe launinsa ɗaya ne. In rini ya yi rauni zai tsallake wasu ƙwayoyin, likita ya rubuta magani a kan lissafin da ba daidai ba. Shi ya sa har yanzu abin yana matakin bincike, bai zama ka'idar asibiti ba. Ni dai ina fatan jami'o'inmu, har da ta aikin gona da aka kafa a Zuru a 2020, su riƙe shi da gaske, tun da ga zoɓon nan a bayan gida.

Wani hanzari kuma. Da na ba da wannan labari a ajin matan aure, wata ta ce, "Malama, ai dama mun faɗa, zoɓo da karan dafi ƙarin jini ne." A'a, 'yar uwa. Rina gilashi daban, gina jini daban, kuma jan launi ba shaida ba ce. Mai ciki da ke jiri, ko yaron da tafin hannunsa da cikin idonsa suka yi fari, awo suke bukata, ko da sai an je Zuru. Autata da aka auna, maleriya ce ta cinye mata jini, alhali sati guda ina ɗura mata jiƙon karan dafi.