Ɓoyayyen Rahoto da Ɗigon Rigakafi a Ƙasar Kano

Magidancin da ke Getso ta ƙasar Gwarzo, ko Garo ta ƙasar Kabo, ba shi da hanyar auna abin da ke cikin kwalbar maganin da za a ɗiga wa ɗansa. Iyakarsa ya dogara ga malamin asibiti, shi kuwa malamin ya dogara ga hukumar da ta ba da izni. Saboda haka tambayar da ta kamata a yi ita ce, a kan wace hujja hukuma ta tsaya, kuma wa ya ga hujjar nan?

A shekarar 1996 annobar sanƙarau ta auka wa Arewacin Nijeriya, ta kashe mutum fiye da 11,000. A cikin wannan hali kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada sabon magani mai suna Trovan a Asibitin Zana na Kano. Yara wajen 200 aka sa cikin gwajin, 11 suka rasu: 5 daga waɗanda aka ba Trovan, 6 daga waɗanda aka ba tsohon magani. Kamfanin ya tsaya a kan cewa ya sami izni, kuma cutar ce ta kashe yaran. Gwamnatin Tarayya ta naɗa kwamiti a ƙarƙashin Dokta Abdulsalami Nasidi, wanda ya gama aikinsa a 2001, ya ce gwajin ya saɓa wa doka. Amma rahoton bai fita ba. Shekara biyar yana kulle, sai a 2006 jaridar Washington Post ta bayyana shi. Watau iyayen yaran sun ji sakamakon binciken gwamnatinsu daga bakin baƙi.

Ana cikin wannan shiru ne maganar ɗigon shan-inna ta taso a 2003. Aka baza cewa an gauraya shi da abin hana haihuwa, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau kuwa ta dakatar da aikin a ƙananan hukumomi 44 na jihar, har da Gwarzo da Kabo. Masu gardama sun riƙa kafa hujja da batun Trovan, ba kuwa wata takarda a fili da za a amsa musu da ita.

A nan ne wuyar al'amarin ta ke. Kwamitin Kano ya ce ya ga ɓurɓushin sinadarin estirojin a cikin maganin, masu binciken Tarayya suka ce maganin lafiyayye ne. Ga masani, ganin sinadari bai isa hukunci ba sai an san yawansa, gama irin wannan sinadari yana cikin jikin kowace mace, har a nonon uwa akwai shi kaɗan. Dole kuma a san irin na'urar da aka yi awon da ita, da iyakar abin da ta ke iya ganewa, da inda aka ɗauko kwalaben. Abin da ya kai ƙauyuka ta rediyo shi ne ƙarshen zance kawai: wannan ya ce akwai, wancan ya ce babu. Mai sauraro ya zaɓi wanda ya fi amincewa da shi, ba kuwa za a ga laifinsa ba.

Sai da aka tura wakilai, har da malaman addini, zuwa Afirka ta Kudu da Indiya da Indunusiya, aka kuma kawo magani daga Indunusiya, sa'an nan Kano ta koma aikin a watan Yuli na 2004. Kafin nan cutar ta tsallaka iyaka, daga bisani ta kai ƙasashe wajen 20. A 2006 yaran da ta shanye a Nijeriya sun wuce 1,000. Ba a tabbatar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar ba sai a 2020.

Dokar 'Yancin Samun Bayani ta 2011 ta wajabta wa hukuma amsa mai neman takarda cikin kwana 7, a 2025 kuma Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokar ta hau kan jihohi. Sai dai rahotannin da Turanci a ke rubuta su.