Jirgin Titan da saƙon da ke hana mutane sa rigar kariya

Wani saƙon murya ya sake dawowa zaurukan WhatsApp na dangi da abokai, kan jirgin nan mai nutso, Titan, wanda ya hallaka da mutum biyar ranar 18 ga Yunin 2023 a hanyarsa ta zuwa kallon ɓaraguzan Titanic. Mai maganar ya iya baki, amma bai bincika komai ba. Ya cakuɗa gaskiya da ƙarya, sannan ya roƙi a tura wa mutum goma.

Akwai gaskiya a ciki. Kuɗin kujera dala 250,000 ne, da abin buga wasan bidiyo ake tuƙa jirgin, kuma daga waje ake ɗaure ƙofarsa da kusoshi. Batun aljanun ruwa ko fatalwar mutanen Titanic kuwa babu hujja ko ɗaya a kansa. Rubutun da ake yawo da shi a matsayin hirarsu ta ƙarshe cikin firgici ƙirƙira ce, masu bincike sun tabbatar. Ba su kuma yi kwana huɗu suna bugun bango har iska ta ƙare ba: tun ranar farko jirgin ya murƙushe, aka ga tarkacensa ranar 22 ga wata, kimanin mita 500 daga goshin Titanic.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne inda saƙon ya dire. Wai Titan shi ne ƙarshen fasahar Turawa, an bi duk ƙa'ida, amma attajirai suka mutu, don haka rigar kariya da ƙidayar fasinja a kwale-kwale wahalar banza ce. Na ji wani ɗan'uwana da ke ƙetare kogi zuwa cin kasuwa yana maimaita wannan, har yana dariya.

Ba a bi ƙa'ida ba. Kamfanin OceanGate, mai jirgin, bai taɓa samun takardar shaidar inganci daga hukumomin da ke tantance irin waɗannan jirage ba, kuma da gangan ya ƙi bin wannan hanya. Jiragen da ke zuwa irin wannan zurfin da ƙarfe ko titaniyam ake ƙera ɗakin mutanensu, a dunƙule kamar ƙwallo, don matsin ruwa ya rabu daidai ta ko'ina. Shugaban kamfanin, Stockton Rush, ya yi nasa dogo, da zaren kabon, domin ya ɗauki mutum biyar. Titanic na kwance a zurfin mita 3,800 tun 1912, kuma a can nauyin da ke danne wurin da bai fi farcen yatsa ba ya kusa buhun shinkafa takwas. Zaren kabon yana gajiya a hankali duk lokacin da aka nutsa aka taso, ba tare da ido ya gani ba.

An kuma gaya wa Rush. A Janairun 2018 daraktan ayyukan teku na kamfanin, David Lochridge, ya rubuta rahoto kan aibin jirgin, ya nemi a yi wa gangar jikinsa gwaji na gaske. Korarsa aka yi. A Maris ɗin shekarar ƙwararrun wannan sana'a suka rubuta wasiƙar gargaɗi cewa hanyar da ya ɗauka na iya ƙarewa da bala'i. A Yulin 2022 waɗanda ke ciki suka ji wata ƙara mai ƙarfi bayan sun taso, alamar jikin ya fara rabewa, amma aka ci gaba da aiki da shi, har aka bar shi a fili cikin sanyin hunturun Kanada. Fasinjojin ma ba a kira su fasinjoji ba, sai aka laƙaba musu sunan ƙwararrun aiki don a zagaye doka. Rahoton rundunar tsaron gaɓar tekun Amurka na Agustan 2025 ya faɗa ƙarara cewa hatsarin abin da za a iya kauce masa ne. Rush kansa na cikin mamatan, don haka ba na cewa ya san ranar ce, na dai ce ya toshe kunne.

Ga abin da mai saƙon bai faɗa ba. Ɗaya daga cikin mamatan, Hamish Harding, ya sauka wuri mafi zurfi a tekunan duniya a 2021, kusan mita 11,000, a jirgin da aka tantance, ya dawo lafiya. Tun 1960 Jacques Piccard da Don Walsh suka isa wurin suka dawo. Jirgin bincike na Alvin yana nutso tun 1964, ya yi sama da sau 5,000. Mai shirya fim James Cameron ya je Titanic sau 33. Teku na da haɗari, babu musu, amma ba haka kawai take cinye kowa ba.

Me ke kai mutane irin wannan zurfin? Sha'awar ganin abin da mutane ƙalilan suka gani, da son a ce wane ya je. A cikin mamatan, Paul-Henri Nargeolet, Bafaranshe mai shekara 77, ya ƙarar da rayuwarsa kan Titanic. Shahzada Dawood kuwa da ɗansa Suleman ya tafi, yaro ɗan shekara 19. Wannan sha'awa ba za ta mutu ba, kuma ban ga laifinta ba muddin mai sayar da kujera bai ɓoye gaskiyar jirginsa ba.

Ban ga laifin waɗanda saƙon ya ratsa ba. Ajali gaskiya ne, kuma akwai sanyin zuciya a jin cewa kuɗi ba ya sayen kwana. Amma malamanmu ba su taɓa koyar da cewa tawakkali shi ne barin sababi ba. 'Yan kwanaki kafin Titan, sama da mutum 100 masu dawowa daga biki suka nutse a kogin Neja a yankin Patigi na jihar Kwara, cikin dare, a jirgin da aka yi wa lodi fiye da kima. Wanda ya san wannan ya kuma tura saƙon da ke raina rigar kariya, ya ɗauki alhaki.

In saƙon ya iso wayarka, kada ka tura shi. In za ka hau kwale-kwale, ka nemi riga, ka duba lodi, in ya yi yawa ka jira sahu na gaba.