Karatu a ƙasar Suwis: Jeneba ba ita kaɗai ba ce

Kwanakin baya wani alhaji ɗan kasuwa a Maraɗi, wanda ɗansa ya ci bak, ya tare ni a ƙofar kantinsa. Ya ce: "Malam, Jeneba nake so yaron nan ya tafi ya koyo likita." Na ce: "Alhaji, me ya sa Jeneba?" Ya ce ai sunan da yake ji ke nan a rediyo. Na san ba shi kaɗai ba ne. Tun da Faransa ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai a farkon 2024, iyaye da yawa sun soma duban wasu ƙasashen da ake karatu da faransanci, kuma Suwis na cikinsu.

Abin da na fara faɗa wa Alhaji bai yi masa daɗi ba. Jami'o'in Suwis ba su ɗaukar baƙon da ya fito daga waje a karatun likita. Kujerun kaɗan ne, an keɓe su ga ƴan ƙasa da wasu baƙin da suka riga suka zauna can. Wanda ke son likita, sai ya dubi Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai ko ta Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi. A sauran fannoni kuwa ƙofa a buɗe take, sai dai zaɓen gari yana son natsuwa.

Harshe shi ne farkon rariya. Suwis na da harsunan ƙasa 4, kuma fiye da rabin jama'arta jamusanci suke yi. Masu faransanci ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Zurik tana da babbar makarantar kimiyya da fasaha ta ETH, inda Einstein ya yi karatu. Bâle tana da jami'ar da ta fi kowace tsufa a ƙasar, tun 1460, ga kuma cibiyar binciken cututtukan ƙasashe masu zafi. Amma duk biyun da jamusanci suke koyar da shekaru ukun farko. Ga ɗan lise na Damagaram ko na Tawa, zaɓin ya tsaya kan garuruwa 4: Jeneba, Lozan, Neuchâtel da Fribourg.

Sunan Jeneba ba a banza ya fita ba. Can ne babban ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya na Turai yake, da hedkwatar hukumar lafiya ta duniya, da ta ƙwadago, da ta ciniki, da ta ƴan gudun hijira. Jami'arta ta samo asali tun 1559. Mai son dokokin ƙasa da ƙasa, ko fassara da tafinta, ko harkar diflomasiyya, da wuya ya sami inda ya fi nan. Akwai babban masallaci tun 1978, kuma baƙar fata ba abin kallo ba ne a titi. Matsalarta ɗaki. Gidajen haya da babu kowa ciki ba su kai 1 cikin 100 ba, ɗakunan ɗalibai kuwa layi ake bi wata da watanni. Yaro yana iya samun kujera a aji alhali bai sami wurin shimfiɗa tabarma ba.

Lozan, mai nisan kilomita 60 daga Jeneba a bakin tafki guda, ita ce garin injiniyoyi da masu karatun kasuwanci: jami'a da makarantar fasaha ta EPFL suna maƙwabtaka a fili ɗaya. Sai dai tun daminar 2025 aka ninka wa sababbin ɗaliban da suka fito daga waje kuɗin EPFL sau uku, daga faran 730 zuwa 2.190 a kowane zango na rabin shekara, kuma shekarar farko tana kayar da ɗalibai masu yawa. Tsadar ɗaki a nan ƙanwar ta Jeneba ce.

Ni a ganina ƙananan garuruwan nan biyu da ba a ambatonsu a rediyo su suka fi dacewa da yawancin ƴaƴanmu. Jami'ar Neuchâtel ɗalibanta ba su wuce ƴan dubbai ba, har malami yana iya sanin ɗalibi da sunansa. Tana da sananniyar cibiyar nazarin ruwan ƙarƙashin ƙasa. Duk wanda ya taɓa ganin mata sun yi dafifi a bakin rijiya mai gaba talatin cikin watan Afrilu ya san abin da wannan ilimi zai yi mana. (Gidan tarihin garin ma yana ajiye da kayan Buzaye da Jean Gabus ya tattaro daga Sahara, don haka ɗan Nijar zai ga abin gida a bayan gilashi.) Fribourg kuwa tana kan iyakar harsuna biyu, ana karatu da faransanci da jamusanci, kuma mai himma yana iya fitowa da takardar shaida ta harsunan biyu. Ta yi suna a fannin shari'a, tana kuma da cibiyar nazarin Musulunci da zaman jama'a tun 2015. A garuruwan nan haya ta fi sauƙi, ɗalibi yana iya zuwa aji da ƙafa.

Yanzu ga maganar da ƴan kasuwa suka fi ganewa. Kuɗin makaranta ba shi ne nauyin ba. A 2024 jami'ar Jeneba faran 500 take karɓa a zango, ta Lozan 580. Faran ɗaya na Suwis yana kusan sefa 700, ke nan jikka 350 zuwa 400 da ɗoriya. Zaman ne ke cin dukiya. Ɗaki, abinci, mota da inshorar lafiya, wadda dole ce, suna kaiwa wajen faran 2.000 a wata a manyan garuruwa, wato sefa miliyan ɗaya da jikka 400. A ninka da wata 12, a ninka da shekara 3. Kafin a ba da biza sai an nuna shaidar banki cewa kuɗin shekara suna nan. Kada kuma a manta kuɗin Suwis hawa yake yi: a Janairun 2015, rana ɗaya babban bankin ƙasar ya sake shi ya yi tsalle. Waɗanda suka ga karyewar sefa a 1994 suna da ɗa a Turai ba su bukatar in ƙara musu bayani.

Wasu iyaye kan ce yaro zai yi aiki ya riƙe kansa. Doka ta hana ɗalibi ɗan Afirka aiki sai ya cika wata 6, bayan nan ma awa 15 kawai a mako lokacin karatu. Bursin gwamnatin Suwis kuwa na masu bincike da masu neman dakta ne, ba na sabon mai bak ba. Shi ya sa hanya mafi sauƙi ga ma'aikacin gwamnati ita ce ɗansa ya gama lisans a gida da sakamako mai kyau, sa'an nan ya nemi masta: shekara biyu maimakon biyar, kuma ya tafi da hankalinsa. Mai tura ɗiya mace ya sani, tun 1 ga Janairun 2025 an hana rufe fuska a bainar jama'a. Lulluɓin kai bai shiga cikin hanin ba.

Saura takardu. Masu bak na ƙasashen Afirka da yawa sai sun ƙara wata jarrabawa mai suna ECUS, wadda manyanmu suka sani da sunan jarrabawar Fribourg. Yanzu masu faransanci a Jeneba suke zaman ta, cikin watan Agusta. Kowace jami'a tana da sharuɗɗanta ga kowace ƙasa, don haka sai a karanta na Nijar da kyau kafin a biya ko dala. A Jeneba da Lozan, mai bukatar biza dole takardunsa su isa kafin ƙarshen Fabrairu, ana kuma shiga aji tsakiyar Satumba. Wanda ya jira sakamakon bak na Yuli kafin ya motsa, shekarar ta riga ta wuce shi.

Da na gama wannan lissafi, Alhaji ya jawo kalkuletarsa ya danna, ya yi shiru. Can ya kira yaron daga cikin kanti, ya ce ya zo ya zauna mu ji daga bakinsa abin da shi kansa yake son karantawa.