KIWON DAMON SAHARA: KAFIN KA SAYA, KARANTA WANNAN

Wani mabiyinmu ya turo hoton damo mai ƙayoyi a wutsiya, ya ce ya saya a hannun wani da ya taso daga Agadez, amma kwana 10 ke nan ya ƙi cin abinci. Na tambaye shi me yake ba shi? Ya ce dusar kaji da ƙwai, kuma ya ajiye shi kusa da tankin kifi don ya sha sanyi. To wallahi nan matsalar take.

Wannan ba damon dajinmu ba ne mai cin ƙwari da ƙwai. Shi ne wanda Larabawa ke kira dabbu, masana kuma Uromastyx. Irin da ke duwatsun Ayar a Nijar, da arewacin Mali da kudancin Aljeriya, tsawonsa wajen santimita 35 ne, wani ja-ja, wani ruwan ɗorawa. Ganye yake ci, kuma zafi da bushewa su ne rayuwarsa.

ZAFI: Yana son dutsen shan hantsi mai zafin digiri 45 zuwa 50, da rami ko inuwa mai kamar digiri 28 da zai koma. In jikinsa bai ɗau zafi ba, abinci ba ya narkewa, shi ya sa yake ƙin ci. A Turai da Amurka sai sun sayi fitila ta musamman; mu Allah ya ba mu rana kyauta. Amma rana kai tsaye, ba ta bayan gilashi ba, don ita ke sa ƙashinsa ya yi ƙwari.

LAIMA: Ita ce babbar abokiyar gabarsa, tana jawo ciwon numfashi da ruɓewar wutsiya. Da damina a rufa masa sama, ƙasa ta zama busasshiya. Yawancin ruwansa daga ganye yake samu.

ABINCI: Ganye kala-kala, yankakkiyar kabewa, furanni, da ɗan gero jefi-jefi. Alayyahu kaɗan. Ban da nama, ban da abincin kaji ko na kifi, suna lalata masa ƙoda. In ka ga farin abu a hancinsa kar ka tsorata, gishiri ne yake fitarwa.

Kar a haɗa maza biyu wuri ɗaya, faɗa za su yi. A wanke hannu da sabulu bayan taɓa shi, musamman yara.

Masu tunanin kasuwanci kuma, ku yi lissafi. Kazar gidan gona sati 6 zuwa 8 ta isa sayarwa, tarwaɗa wata 4 zuwa 6. Damo sai ya shekara 2 zuwa 3 ko fiye kafin ya fara ƙwai, sau ɗaya a shekara. Sannan yana cikin jeri na 2 na yarjejeniyar CITES, fitar da shi waje ba takardar izini laifi ne.

Yana iya shekara 15 ko fiye. Ana masa kirari da sarkin haƙuri, to mai kiwonsa ma sai ya yi. In ba za ka iya ba, bar shi a dutsensa.

Wa ya taɓa kiwonsa a cikinku?