Kafin ka sayar da kyamararka, duba gilashin da ke bakinta

Duk wanda ke zuwa walimar dare a zaurukan taro ya san yadda matashi mai ɗaukar hoto ke fama. Fitilun ado sun cika wuri, amma haske na gaske babu. Washegari hotuna su fito dishi-dishi, dangin amarya su hana cikon kuɗi, shi kuma ya ɗora wa kyamararsa laifi ya shiga tarin kuɗin babba. A ganina ba a nan gizo ke saƙar ba.

Yawancin kyamarorin da matasanmu ke iya saye masu ƙaramin allon karɓar hoto ne, nau'in APS-C, kuma suna zuwa da gilashin 18-55mm mai lamba f/3.5-5.6. Lambar nan ma'aunin ƙofar haske ce, kuma gwargwadon ƙanƙantarta gwargwadon faɗin ƙofar. Da zarar ka jawo fuskar amarya kusa, ƙofar ta tsuke zuwa f/5.6. Gilashin da ke tsaye a f/2.8 daga farko har ƙarshe yana shigar da haske ninki huɗu na wannan. Hoton da dā sai an ɗauka a kashi ɗaya bisa 30 na daƙiƙa, yanzu ana iya ɗaukarsa a ɗaya bisa 125, kuma bambancin hannu mai rawa da hoto tsaf ke nan.

Matsalar ita ce kuɗi. Canon da Nikon duk sun yi 17-55mm f/2.8, masu kyau ne, sai dai tsada, ga darajar naira da kowa ya sani. Mafita tana wajen kamfanonin Tamron da Sigma. Kowannensu ya yi 17-50mm f/2.8, kuma tun da manyan masu hoto suka koma kyamarori marasa madubi, na hannu suka yawaita, farashinsu ya sauko. Na Sigma yana da na'urar rage girgizar hannu. Na Tamron iri biyu ne, mai ita da marar ita, sai a tambaya.

Akwai kuma Sigma 18-35mm f/1.8 da ya fito a 2013, wanda masu ɗaukar fim ke so. Haskensa ya ninka na f/2.8 fiye da sau biyu, amma nauyinsa ya haura giram 800, ba ya rage girgiza, kuma ba ya jawo nesa sosai. Mai yini a tsaye a wajen biki ya yi tunani. Wanda ke da marar madubi kuwa, Sigma 18-50mm f/2.8 na 2021 bai kai giram 300 ba.

Kada 24-70mm ya ruɗe ka don ka gan shi a hannun manya. A ƙaramin allo faɗinsa na raguwa, 24 ɗin ya koma kamar 36 ko 38, sai ka rasa inda za ka ja da baya ka haɗa dangi a hoto guda a ɗakin amarya.

In za ka sayi na hannu, tafi da kyamararka. Haska tocila cikin gilashin. 'Yar ƙura ba ta da illa, amma funfuna, wadda ke kama da saƙar gizo-gizo, tana cin fuskar gilashi, kuma ta fi kama kayan da suka daɗe a wuri mai laima. Ɗauki hoto a f/2.8 ka ga ko saiti na sauka a kan ido, sannan ka tabbata bakin na kyamararka ne, domin na Canon ba ya hawa Nikon.