Malamai biyu, aji guda

Duk wanda ya taɓa huɗa da shanu ya san wannan: in sa ɗaya ya ja gaba, ɗayan ya noƙe, kunya ba ta miƙewa. To haka aji yake in malamai biyu ke riƙe da shi.

A Nijar muna da irin wannan aji. A shekara ta 1957 aka buɗe madarasa ta farko a garin Sayi, inda yara ke karatu da Faransanci da Larabci. Daga baya irinta suka bazu har Yamai, Tawa, Maraɗi da Damagaram. A cikinsu, sau da yawa aji guda malamai biyu gare shi. Ɗaya yana koyar da Faransanci da lissafi, yara na ce mishi mushe. Ɗayan yana koyar da Larabci da darussan addini, ana ce mishi malam.

Ina matsalar take? Yara akwai lura. Cikin sati guda sun gane wane ne ke riƙe da makullin aji, wane ne darakta ke kira, wane ne babansu ke gaisarwa da farko. In suka ga an fifita ɗaya, sai su yi shiru a darasinsa, su yi surutu a darasin ɗayan. Wa ya yi hasara? Yaron ne. Ya zo neman ilimi biyu, ya koma gida da ɗaya.

Daidaitawa ba ta zuwa da kanta, shirya ta ake yi. Ga hanyoyi biyar:

1. Ranar da aka koma lakol, malaman su shiga aji tare. Darakta ya ce wa yara: "Ga malamanku, maganar kowanensu magana ce."

2. A raba lokaci da adalci. Da safe kan yaro sake yake. In rana ta take, zafi da yunwa sun kama shi. Kada mutum ɗaya ya riƙe safiya kullum. In hali ya yi, a riƙa musanyawa.

3. A raba kayan aiki. Kowa da wurinsa a allo, kowa da makullin kabad. Kada wani ya shafe rubutun abokinsa ba tare da ya tambaye shi ba.

4. Doka ta zama guda. Abin da mushe ya hana, kada malam ya bari. Abin da malam ya hana, kada mushe ya bari. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

5. Kada ɗaya ya gyara wa ɗaya kuskure gaban yara. A bari sai an tashi, a yi maganar daga su sai su.

Daidaitawa ba ta nufin su zama iri ɗaya. Wani ya girmi wani, wani ya fi daɗewa cikin aiki. Ƙarami ya girmama babba, wannan al'adarmu ce. Amma babba kada ya mai da abokin aikinsa ɗan aike gaban yara.

Mu ma iyaye da namu aikin. In kin je lakol, ki gaida su duka biyu. In ka karɓi sakamakon jarrabawa, ka duba makin Larabci kamar yadda kake duba na Faransanci. Kada ka ce a gida: "Wancan shi ne malamin gaske." Yaro na ji, kuma gobe da wannan maganar zai shiga aji.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka buɗe madarasar Sayi?
2. Don mi bai kamata malami ɗaya ya riƙe safiya kullum ba?
3. Mi za ka ce wa ɗanka in ya raina ɗaya daga cikin malamansa?