Daga Allon Katako Zuwa Allon Gilashi: Yadda Na'ura Take Gane Yatsa da Alƙalami

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya ratsa garuruwan kudancin Kano, kamar Yako da Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa, zai ga alluna iri biyu a hannun jama'a. Akwai allon katako na makarantar allo, wanda almajiri yake rubuta wa da alƙalamin kara da tawada. Akwai kuma allon gilashi na fuskar babbar waya, wanda ake shafawa da yatsa. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda wannan allo na biyu yake gane an taɓa shi, sa'an nan ta nuna cewa ba kowane hannu yake ganewa daidai ba, kuma ba kowane harafi na Hausa ya iya karantawa ba. Wannan kuwa batu ne da ya shafi ƙuri'ar manomi da kuma makomar rubutun Hausa.

2.0 Taƙaitaccen Tarihi

Kalmomin allo da alƙalami duka aro ne daga Larabci, kuma dabarar da suke nufi tsohuwa ce ƙwarai. Mutanen Iraƙi na dā da tsinken kara suke danna rubutu a kan ɗanyen yumɓu, Rumawa kuwa da tsinken ƙarfe ko na ƙashi suke zane a kan allon da aka shafe da kaki.

Ita kuwa kwamfuta da madannai aka fi saninta, amma tun da wuri masana suka nemi hanyar da mutum zai nuna mata abu da hannunsa. A 1963 Ivan Sutherland ya yi zane a fuskar kwamfuta da alƙalamin haske a jami'ar MIT ta Amurka. A 1965 wani injiniya mai suna E. A. Johnson, a cibiyar binciken rada ta Malvern a Ingila, ya bayyana allon da yatsa kaɗai yake sarrafawa, domin masu kula da zirga-zirgar jiragen sama. A shekarun 1970 Samuel Hurst da kamfaninsa Elographics suka fito da allon da yake aiki da dannawa. Abin bai game duniya ba sai bayan fitowar iPhone a 2007 da wayoyin Android da suka biyo baya, waɗanda su ne suka cika kasuwannin ƙasar Hausa.

3.0 Yadda Allo Yake Gane Taɓi

Alluna iri biyu ne suka fi yaɗuwa. Na farko shi ne allon dannawa. Shimfiɗa biyu ne a cikinsa masu ɗaukar lantarki, da ɗan sarari a tsakaninsu. In aka danna ta sama ta haɗu da ta ƙasa, sai na'ura ta auna lantarkin ta gano inda suka haɗu. Wannan allo bai damu da abin da aka danna shi da shi ba, ko farce ne, ko tsinke, ko murfin biro. Aibinsa shi ne yana rage hasken fuska, kuma galibi wuri ɗaya yake ganewa a lokaci guda.

Na biyu shi ne allon lantarkin jiki, wanda yake kan kusan kowace babbar waya ta yau. A ƙarƙashin gilashinsa akwai siraran layuka, wasu a tsaye wasu a kwance, kamar zaren tsaye da na kwance a masaƙa. Ido ba ya ganinsu, domin an yi su da wani sinadari garai-garai da ake haɗawa daga ƙarfen indiyam da kuza, watau irin ma'adinin nan da aka san Riruwai ta ƙasar Doguwa da shi. A duk mahaɗar layi biyu akwai ɗan lantarki kaɗan da yake taruwa. Jikin ɗan Adam kuwa, saboda ruwa da gishirin da ke cikinsa, yana ɗaukar lantarki. Da zarar yatsa ya kusanci wata mahaɗa sai ya janye wani kaso na lantarkinta. Ƙwaƙwalwar na'ura tana zagaya layukan nan sau sittin ko fiye a cikin daƙiƙa ɗaya, duk inda ta ga ragi sai ta san nan yatsa yake. Ta haka ne take iya bin yatsu biyu ko fiye a lokaci guda.

Daga wannan bayani za a gane dalilin wasu abubuwa da ake gani kullum. Tsinke ko alƙalamin kara ba sa motsa wannan allo, domin busasshen kara ba ya ɗaukar lantarki. Ɗigon ruwan sama ko gumi yakan ruɗa shi, har ya riƙa buɗe abin da ba a taɓa ba. Yatsan da ya bushe ƙwarai ko ya yi kanta kuwa, wani lokaci sai an maimaita shafawa kafin ya amsa.

4.0 Alƙalamin Na'ura

Kan yatsa yana da faɗi, bai dace da siririn rubutu ba. Saboda haka aka koma ga alƙalami. Mafi araha shi ne mai kan roba mai ɗaukar lantarki, wanda kwaikwayon yatsa kawai yake yi. Sai kuma irin na kamfanin Wacom na Japan, wanda aka kafa a 1983. A wannan tsari allon ne yake fitar da maganaɗisu, wata naɗaɗɗiyar waya a cikin alƙalamin ta karɓi ƙarfin ta mayar da saƙo, don haka ba ya bukatar batir kafin ya yi rubutu. Da shi Samsung ya yi alƙalamin Galaxy Note a 2011. Na uku shi ne mai batirin kansa, irin Apple Pencil na 2015.

Fifikon waɗannan biyu na ƙarshe shi ne suna auna nauyin hannu, wasunsu har hawa 4,096 ko 8,192, kuma da yawansu suna gane karkatar alƙalami. Alaramman da ya iya fiƙe kara ya san cewa kaurin harafi da sirantarsa a karkatar bakin alƙalami suke. Ke nan abin da injiniyoyi suka yi shekaru suna koya wa na'ura, shi ne abin da gardi yake koya wa ƙolo a tsangaya.

5.0 Yatsan Manomi a Rumfar Zaɓe

Akwai wata na'ura 'yar'uwar allon taɓawa, watau mai karanta zanen yatsa. Wata da haske take aiki, wata da lantarki, amma duka tudu da kwarin da ke fatar yatsa suke bi. A nan ne batun ya daina zama na masu waya kaɗai.

Hukumar zaɓe ta INEC, a ƙarƙashin Farfesa Attahiru Jega, ta shigo da na'urar tantance kati a zaɓen 2015. A ranar 28 ga Maris na shekarar, na'urar ta kasa tantance Shugaba Goodluck Jonathan kansa a Otuoke ta Jihar Bayelsa. A 2021 hukumar ta fara gwada BVAS, na'ura mai allon taɓawa wadda take duba zanen yatsa, in ya ƙi kuma ta duba fuska. A shekarar ce kuma aka ƙara rumfunan zaɓe na ƙasa suka kai 176,846. Da BVAS aka tantance masu ƙuri'a a babban zaɓen 2023, har da mazaɓun tarayya na Kiru da Bebeji, da na Doguwa da Tudun Wada.

Mafi yawan mutanen wannan yanki manoma ne, masu noman masara da dawa da shinkafa, ga kuma masunta da masu noman rani a kewayen madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974. Hannun da ya shekara yana riƙe da fartanya da lauje zanensa yakan goge, tsufa ma yakan shafe shi. Daɗin daɗawa, zaɓen yakan faɗo ne a watan Fabrairu ko Maris, lokacin da hunturu ya gama busar da fata. Saboda haka idan na'ura ta ƙi yatsan dattijo, sau da yawa dalilin yana ga fatar da kuma yadda aka ƙera na'urar. Goge gilashin na'ura, da goge yatsa, da ɗan huro masa numfashi ko murza shi a goshi don ya sami danshi, da gwada wani yatsan, duk suna taimakawa. Haka abin yake a wurin rajistar lambar banki ta BVN da lambar ɗan ƙasa ta NIN. Jami'in da bai san wannan ba yana iya sallamar mai haƙƙi ya koma gida hannu rabbana.

6.0 Allon Taɓawa da Haruffan Hausa

Kamar yadda na'ura take da hannun da ta saba da shi, haka take da haruffan da ta saba da su. Haruffa masu lanƙwasa, irin ɓ da ɗ da ƙ, sun zauna a rubutun boko tun shekarun 1930, amma keken rubutu da madannan kwamfuta na Ingilishi ba su da su. Sakamakon haka shi ne a rubuta baki a maimakon baƙi, ko kafa a maimakon ƙafa, ko bari a maimakon ɓari. Allon taɓawa ya sauƙaƙa wannan matsala, domin madannansa hoto ne kawai da ake iya sauyawa. Manhajar Gboard, alal misali, tana da madannan Hausa. Yau rashin lanƙwasa a saƙon waya ya fi kama da sakaci.

Ajami ne ya fi shan wuya. Sai a 2016 tsarin Unicode, wanda yake ba kowane harafi lamba a kwamfuta, ya shigar da fa da ƙaf da nun irin na rubutun Warshu, a 2020 kuma ya ƙara wasu haruffa masu ɗigo uku da Ajamin Hausa yake bukata. Ƙungiyar SIL ta fitar da wani salon haruffa mai suna Alkalami, wanda aka kwaikwayo daga rubutun hannu na Kano. Amma ajiye zanen hannu daban, karanta shi daban. Kafin na'ura ta mayar da rubutun alƙalami ya zama kalmomi, sai an nuna mata dubban misalai da aka riga aka fassara mata harafi-harafi. Larabci da Ingilishi sun tara irin waɗannan misalai masu ɗimbin yawa, Ajamin Hausa kuwa yana baya nesa.

7.0 Kammalawa

An ga cewa allon taɓawa lantarkin jiki yake aunawa, alƙalaminsa kuma nauyin hannu da karkatarsa yake bi. An kuma ga cewa yatsan manomi da harafin Ajami su ne suka fi fuskantar ƙin amincewar na'ura. Masu iya magana sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: injiniya ya san lantarki, amma bai san Ajami ba. Aiki uku ne ya rataya a wuyan Sashen Hausa. Na ɗaya, daidaita sunayen waɗannan kayayyaki da Hausa. Na biyu, rubuta jagora mai sauƙi ga ma'aikatan zaɓe da na rajista a kan yatsan da ya ƙi karantuwa. Na uku, tattara rubuce-rubucen hannu daga tsangayun Yako da Kiru da maƙwabtansu, da yardar masu su, a juya su zuwa boko layi-layi, domin su zama abin da za a koyar da na'ura da shi.